Katin mita na ƙarewa kafin wata, ina mafita?

Maman Ilham, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ɗaki biyu ne da falo, mu shida, amma katin mita ba ya kai mu ƙarshen wata. Tun da aka ƙara kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024 abin ya fi ƙarfinmu. Ga mai ruwa ma jarkarsa kullum tashi take. Don Allah me kuke yi a gidajenku?

Baban Khalifa, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya. Duk abin da ke yin zafi shi ke cinye wuta: hita, dutsen guga, kukar lantarki. Dutsen guga kaɗai yana jan wajen wat 1,000, ƙwan LED kuwa wat 9. Ki tara guga ki yi rana ɗaya, ruwan wanka kuma a ɗora a gas. Ki duba robar ƙofar firiza. Ki maƙala takarda ki rufe, in ta zare ba wuya, sanyi na zurarewa, injin kuma ba zai huta ba.

Anti Rabi, Mile 12: Ni ruwa ne ya fi damuna, yaya. Duro biyu na ajiye ƙarƙashin indararo, ruwan saman Legas kuwa ba ya rowa. Ruwan farko da ya wanke kwano nakan bar shi ya wuce, sannan na tara, na rufe ruf saboda sauro. Ruwan ɗauraya kuma bayi yake tafiya.

Maman Ilham: Allah ya saka. Maigida na dawowa za mu gwada takardar nan.