Abin da aka tattara kan rumfar ɗakin da ke zamewa a motar gida

Jama'a, na bi maganganun da aka yi daga farko har ƙarshe kan kula da rumfar da ke rufe saman ɗakin da ke zamewa ya fito daga gefen motar gida, wato motar da ake kwana a cikinta. Ga abin da na tsinta, musamman don sabbin masu motar gida a Amurka.

1. Baki ya zo ɗaya: kafin a mayar da ɗakin cikin motar, a taka tsani a share ganye da ƙirare daga kan rumfar. Tsinke guda na iya yaga robar da ke tare ruwa.

2. Kada a naɗe rumfa da danshi. In dole ta sa, a warware ta da zarar rana ta fito, in ba haka ba fumfuna za ta kama ta, ga wari.

3. Wanki: sabulu mara ƙarfi da buroshi mai taushi. Kan bilic an rabu, wasu na sirka shi da ruwa, wasu sun ce yana cin ɗinki.

4. Ruwa na kwanciya a tsakiyar rumfa: wasu na cusa ƙwallo a ƙarƙashin rumfar don ruwan ya gangare, wasu sun ce a ƙara ɗaure sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke jan rumfar ta miƙe. Nan kam ina bayan masu cewa a kai wa gwani, domin sifirin in ya ƙwace yana iya karya yatsa.

5. Iska mai ƙarfi ko dusar ƙanƙara: a shigar da ɗakin tun da wuri.