Neman taimako kan saita sensar gudu a motar da na haɗa

Assalamu alaikum. Na haɗa ƙaramar mota da hannuna, kuma saita agogon gudunta ya gagare ni. Na manna maganaɗisu 4 a cibiyar ƙafar gaba, na kafa sensa, wato na'urar da ke gano wucewarsu, kusa da su. Tayata 195/65 R15 ce, wadda ke juyawa kusan sau 502 a kilomita ɗaya, saboda haka na shigar da bugu 2,008 a agogon, wato adadin wucewar maganaɗisun ta gaban sensar a kilomita ɗaya. Duk da haka, idan GPS na waya ya nuna 60, agogon yana nuna 68, kuma da zarar na haura 80 sai allurar ta fara rawa. Shin lissafina ne bai yi daidai ba, ko kuwa tazarar sensar ce ta yi yawa? Don Allah masana ku taimaka mini.