Waken bana ya yi kyau amma tsoron ƙwaro nake, ya kuke ajiye naku har bazara?

Ɗan Gandu:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da kaka. Dan Allah masu noman wake ku taimaka min da shawara don wallahi abin nan ya tsaya min a rai. Gonarmu ba wata babba ba ce, kadada ɗaya da 'yan kai a wajen Gumel, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, bana damina ta uku ke nan tana hannuna. Gero da dawa muke shukawa sai mu ratsa wake a tsakani kamar yadda ya saba yi, ga awaki huɗu da 'yan kaji a gida, da takinsu muke ɗan tallafa wa gonar.

To bana alhamdulillahi an gama roro, mata sun casa sun sheƙe, na auna buhu 6 da tiya 11 na fari mai manyan ƙwaya, harawar ma na ɗaɗɗaure na ɗora a kan rufin ɗaki saboda awaki. Abin da ke damuna shi ne abin da ya same ni bara. Buhu 4 na samu, na zuba a buhunan taki da aka wanke na jingine a ɗakin ajiya ina jiran ya yi kuɗi, bayan kamar wata biyu da rabi Inna ta ce a ɗebo mata na alale, ina kwance bakin buhu ƙwari suka taso min a fuska, ƙasan buhun duk ya zama gari, kowace ƙwaya ka ɗauka sai ka ga huda biyu ko uku. Da na kai kasuwa ko rabin kuɗi ba a taya ba, irin da na shuka bana ma saya na yi.

Yanzu wani mai shagon maganin gona ya ce in sayi ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom in jefa a kowane buhu, wani abokina kuma ya ce shi fiya-fiya yake yayyafawa kuma lafiya lau. Ni kuma ɗakin ajiyarmu bango ɗaya ne da ɗakin da Inna ke kwana da yara, kuma daga cikin waken nan za mu ci. In sayar yanzu da araha in huta ne, ko akwai hanyar da zan ajiye har bazara ba tare da na sa wa iyalina guba ba?

Baba Mai Rumbu:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa wa gonar albarka. Jikana ne ya karanta min kuma shi ke rubuta amsar. Abu na farko, ƙwaron nan ba a ɗakinka ya shiga buhu ba, daga gona ka zo da shi. Tun waken yana kwansonsa uwar take yin ƙwai a jiki, ka kawo gida kana ganin wake tas alhali ɗan yana ciki yana ci, shi ya sa wanda ya bar wake ya daɗe a gona bayan ya bushe ya fi shan wahala.

Mu da can toka muke yi. A tankaɗe tokar murhu ta huce sarai, kwano ɗaya na wake kwano ɗaya na toka, a cakuɗa a zuba a tulu ko randa, a ƙara toka a sama kamar kaurin yatsa uku a rufe a liƙe da laka. Wasu yashi mai laushi suke sawa. Iri na shekara da shekaru haka nake ajiye shi kuma yana fitowa. Amma gaskiya buhu 6 ina za ka samu tokar, wannan na iri ne da na miya. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne shanya. Kar ka yarda da ido, ɗauki ƙwaya ka ciza, in ta fashe ƙas ta bushe, in ta lotse ko haƙori ya shige to mayar da shi rana. Fiya-fiya kuwa kar ka kuskura, abin da ake kashe sauro da kuɗin cizo da shi ba a zuba shi a abinci.

Malamin Gona:

Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora a kai. Malam Ɗan Gandu abin da kake buƙata shi ne ka hana waken iska, shi ke nan, ba sai ka sayi magani ko na sisi ba. Ƙwaron wake daga ƙwai zuwa ya fito ya fara nasa ƙwan sati uku zuwa huɗu ne in ana zafi, kuma mace ɗaya ƙwai da yawa take zubawa, ka ga a wata biyu da rabin da ka faɗa an yi zubi kusan uku a buhunka, shi ya sa ka tarar da gari. Amma shi ma numfashi yake, in ka rufe shi a inda iska ba ta shiga, shi da 'ya'yansa za su shaƙe 'yar wadda ta rage a ciki su daina ci su daina haihuwa su bushe su mutu.

Akwai buhun da ake kira PICS, wasu na ce masa buhu mai leda biyu ko mai hawa uku, leda biyu ce mai kauri a ciki sai buhun saƙa a waje. Masu bincike na jami'ar Purdue a Amurka ne suka fito da dabarar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, daga 2007 kuma aka fara yaɗa shi sosai a ƙasashenmu har da Najeriya da Nijar. Ana samunsa a shagunan kayan gona da manyan kasuwannin hatsi irin su Dawanau. Yadda ake yi yana da muhimmanci fiye da buhun kansa, don da yawa masu cewa bai yi musu aiki ba in ka bincika ɗauri ɗaya suka yi wa duka ukun. Kafin ka zuba komai ka hura kowace leda ka riƙe bakin ka danna ka ji ko tana sace iska, mai huda ko kamar ta allura ce kar ka sa ta. Ka tsince tsakuwa da tsinke da ƙaiƙayi don su ke huda leda. Ka fara zuba ɗan kaɗan a ta farko ka zura ta cikin ta biyu, sannan cikin buhun, ka ci gaba da zubawa kana girgizawa ya zauna, ka bar wuri a sama kar ka cika fal. Sai ka matse iskar ka murɗe bakin ta ciki ka lanƙwasa ka ɗaure ita kaɗai, ta biyu ma haka ita kaɗai, sannan na waje. Daga nan kar ka riƙa buɗewa kana leƙawa, duk buɗewa ɗaya ka ba su sabuwar iska ne.

Maganar bom kuma, ƙwayar nan da ta ji danshi take sakin iska mai guba, ita ke kashe ƙwaron, kuma haka take kashe mutum. An yi ta ne don sito na musamman da ke nesa da wurin kwana, a hannun wanda aka koya wa aikin. Ɗakin da ka kwatanta bango ɗaya da tsohuwa da yara, dan girman Allah ko kyauta aka ba ka kar ka shigar da ita gidan. Fiya-fiya kuwa sinadarin da ke cikinta, wato dichlorvos, shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, sun auna sun ga ya wuce ƙima. Su sun mayar da shi sun ƙi ci, mu kuma shi muke dafa wa yaranmu, wannan abin yana ci min rai sosai.

Uwar Biyu:

Ƙanena ni ba manomiya ba ce, ƙosai nake soyawa da safe shekara ta kai goma, amma wake ya ratsa hannuna fiye da yadda zan ƙirga. Wallahi mai magani tun a wajen jiƙo nake gane shi, wani wari yake tasowa, kuma ranar da na surfa irinsa hannuna sai ya yi ta ƙaiƙayi. Akwai lokacin da na sayo tiya biyar haka na zubar da shi ban ko ba dabba ba, na yi asarar kuɗina amma ban iya soya wa 'yan makaranta ba. Tun daga nan wurin mutum biyu kawai nake saye, kuma ko sun ɗora min wani abu a kan farashin kasuwa ina biya don na san a leda suke ajiyewa.

Na cin gida kuma kar ka sa shi a babban buhu tunda za a riƙa ɗiba. Nemi jarkoki irin na man gyaɗa masu lita 25, a wanke da omo a kife su a rana kwana biyu su bushe ƙarau, a ɗura wake har wuya ana bubbugawa, a sa leda a baki sannan a murɗa murfin. In Inna za ta yi alale ko ɗanwake jarka ɗaya za a buɗe a cinye ta kafin a taɓa ta gaba. Amma banda wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi.

Sannan ni a ganina kar ka riƙe duka shidan. Kana da tsohuwa da yara, ga kuɗin makaranta ga rashin lafiya ba ta sallama, in ba ka da kuɗi a hannu ranar da lalura ta taso dole ka kwance buhun da ka ɗaure ka sayar yadda aka taya. Gara ka saki ɗaya ko biyu yanzu ka sayi buhunan da kuɗin ka riƙe canji.

Na Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar ɗan'uwa. Mu nan buhun ga ya daɗe da shigowa, ma'aikatan cibiyar binciken noma ta Nijar, wato INRAN, na Maraɗi sun yi aiki a kai ƙwarai, har cikin ƙauyuka an ka riƙa rufe buhu gaban jama'a a dawo bayan watanni a buɗe kowa ya gani da idonshi. Abu guda da ba a faɗa maka ba shi ne ɓera. Leda ba ta tsare ɓera, kuma in ya huda ta aikin ya tashi. Kar ka jingina da bango, kar ka aje bisa ƙasa, jera itace ko katako ka ɗora, ka share kewayen kar a bar gero a zube kusa, in da kyanwa a gidan ya fi. Buhun in ka kula da shi yana yin shekara biyu har uku.

Ga maganar kuɗi da Uwar Biyu ta kawo, mu abin da wasu ƙungiyoyin manoma ke yi shi ne kowa ya kawo buhunanshi a tara a magaza guda a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin asusun da ke ba da rance, a ba ka wani kaso na kuɗin kayanka ka yi sana'ar rani ko kiwo, in kaya ya yi daraja a buɗe a saida ka biya ka ɗauki sauran. Ko ba asusu, in kuna da amana ku biyar ko shida a garinku kuna iya haɗa kai ku samu ɗaki guda nesa da gidaje.

Sabon Manomi:

Ni na ji an ce akwai sabon irin wake na Samaru da ƙwari ba sa ci, me zai hana ya koma shi kawai?

Malamin Gona:

SAMPEA 20-T kake nufi, wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar a ƙarshen 2019. Shi tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona yake jurewa, sai ya rage maka yawan feshi. Ƙwaron ajiya daban ne, shi ma in ka zuba shi a buhun taki ka jingine haka za a huje shi.

Ɗan Gandu:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba na gwada abin da ka ce jiya da yamma, buhu huɗu sun fashe ƙas amma biyu na roron ƙarshe haƙori shigewa yake, yau tun da hantsi muka baje su a tamfol a tsakar gida na sa yara suna korar kaji da awaki. Da ban tambaya ba da haka zan ɗaure su da danshinsu. Na yanke zan sayar da buhu ɗaya ranar kasuwa in sayo buhunan leda guda huɗu, ɗayan da ya rage da tiya 11 ɗin su tafi jarka, na iri kuma Inna ta ce ita za ta yi na toka da hannunta don haka suke yi da marigayi, har ta sa a fara tara mata tokar. Mai shagon nan na ce masa ya bar bom ɗinsa.

Malamin Gona saura tambaya ɗaya, wanda aka kwaso daga rana da zafinsa a ɗura shi nan take ko sai ya kwana ya huce?

Malamin Gona:

Bar shi ya huce a inuwa tukuna, in ka ɗaure da zafi leda za ta yi gumi daga ciki. Kwashe da la'asar kafin raɓa ta sauka, ka shigar da shi ɗaki a buɗe, da safe ka sake cizawa sannan ka ɗura.