Wai dole sai da takardar mataki na 8 ake shiga makarantar kiɗa a Birtaniya?

Mai Fiyano: Jama'a, ga maganar da na ce a tattauna. Ana ta cewa wanda ba shi da takardar mataki na 8 ta ABRSM (hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya) da A-level (jarrabawar ƙarshen sakandare ta can) kada ma ya ɓata kuɗinsa wajen neman Royal College of Music ko Royal Northern da ke Manchester. Ni ban yarda ba. Abin da makarantun suke nema shi ne hannunka ya kai mataki na 8 ko ya wuce, kuma a ɗakin gwaji ake auna wannan. Takardar shaida ce kawai.

Malama Mai Koyar da Murya: Malam, rabin maganarka gaskiya ne. Ƙofa biyu ce. Ta kiɗa, alƙalan gwaji ke riƙe da ita, kuma lallai ba sa korar mutum don babu satifiket. Ta biyu ta digiri ce, domin BMus, wato digirin farko na kiɗa, digiri ne na shekara 4. Royal College na neman A-level biyu, ko da sakamakon E ne. Sharaɗi ne mai sauƙi, amma yana nan. Shi ya sa UCAS Conservatoires, tsarin da ake neman makarantun kiɗa ta cikinsa, ke da tayin gurbi mai sharaɗi: ka ci gwajin kiɗa, sai ka kawo takardun kafin a tabbatar maka.

Mai Fiyano: To ai E biyu ya nuna inda nauyin yake, Malama.

Malama Mai Koyar da Murya: Ya nuna, amma ɗalibinmu na Najeriya WAEC yake riƙe da ita, kuma a Birtaniya galibi ana ajiye ta kusa da GCSE ne, jarrabawar da ke ƙasa da A-level. Wanda yake wannan matsayi ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace makaranta tun watan Yuni, ya lissafa abin da yake da shi, ya tambaya ko za su karɓa ko sai ya ƙara wani karatu. Ya ajiye amsar a rubuce. Difloma ta makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas abu ce da ya kamata a ambata a wasiƙar idan akwai ta.

Mai Sarewa: Ku bar zancen takarda tukuna, ni inda nake ganin faɗuwa daban ne. Wanda ya koya da kunne ko ta YouTube yakan iya kaɗa waƙoƙi biyu ko uku da aka nema da kyau sosai. Sai a miƙa masa rubutun kiɗa da bai taɓa gani ba, a ba shi ɗan lokaci ya duba, a ce bismilla. Nan yake tsayawa. Haka gwajin kunne: a kaɗa sauti biyu a ce faɗi tazararsu, ko a kaɗa gajeren amo a ce maimaita. Jarrabawar matakai ta gargajiya tana tilasta wa yaro waɗannan shekara da shekaru, kuma ABRSM ba ta barin ka zauna mataki na 6 zuwa 8 sai ka ci mataki na 5 na ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa. Wanda ya tsallake hanyar sai ya cike giɓin da kansa: minti 15 kullum na karanta sabon rubutu, mai sauƙi ƙwarai, ba tare da tsayawa gyara kuskure ba. Tsayawar ce ke nuna wa alƙali cewa ba a saba ba.

Mai Fiyano: Wannan na karɓa, ɗan'uwa. Amma ka lura ka goyi bayana: horo kake magana, ba satifiket ba.

Mai Sarewa: Satifiket ɗin ma yana da wani amfani, domin mai shi galibi yana da malamin da ya san shi. Fom ɗin UCAS Conservatoires yana neman shaida biyu, ɗaya ta karatu, ɗaya daga malamin kiɗa. Mai koyon kansa ba shi da wanda zai rubuta ta biyun. Ya nemi ƙwararren malami aƙalla wata shida kafin lokaci, ko ta intanet ne, don ya gyara masa zaɓin waƙoƙi kuma ya san shi har ya iya yi masa shaida. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko waƙa mafi wuya don a burge. Wadda ta ɗan fi sauƙi amma ta fita tsaf ta fi.

Malama Mai Koyar da Murya: A kula da lokaci kuma. Ana rufe neman kwasa-kwasan kiɗa a farkon Oktoba, kusan shekara guda kafin fara karatu, gwaji kuma yawanci Nuwamba da Disamba. Zaɓi shida ne iyaka, kowanne da kuɗin gwajinsa. Makarantar Guildhall da ke Landan ba ta cikin wannan tsarin na UCAS, kai tsaye ake neman ta. Ga kuma shaidar Turanci matakin B2 saboda biza.

Mai Sarewa: Wanda takardun karatu suka tare masa hanya ya duba Jamus. Makarantun kiɗa da dama a can suna yafe takardar Abitur, wato ta kammala sakandaren Jamus, ga wanda gwajin shiga ya nuna baiwarsa ta fita daban. Sai dai gwajin nasu ya haɗa da rubutacciyar jarrabawar ƙa'idoji da ta kunne, galibi har da fiyano a matsayin kayan kiɗa na biyu, kuma ana son Jamusanci.

Mai Fiyano: Ƙari ɗaya ga masu tura bidiyon gwajinsu daga gida: kowace waƙa a ɗauke ta tiryan-tiryan ba yankewa, kyamara ta nuna fuska da hannuwa, a kashe fanka da janareta. Idan wayar tana daidaita ƙarar sauti da kanta, a kashe wannan ma, domin yana haɗe taushi da ƙarfi su zama ɗaya, alhali bambancinsu alƙalai ke saurare.