Allurar ƙarin jini ga bakwaini: mu ci gaba?

Assalamu alaikum, jama'a. Daga Marwa nake. Matata ta haifi bakwaini, kilo 1.3, sau biyu ana masa ƙarin jini. Likita ya rubuta allurar eritropoyetin, sinadarin da ke sa jiki ya yi jajayen ƙwayoyin jini, sau uku a mako, a ƙarƙashin fata, da ɗigon maganin ƙarfe. Ya ce ƙoda ce ke yin sinadarin, na jariri bai isa ba tukuna.

Kwana goma ke nan, tafin hannunsa har yanzu fari fat. Allurar kuma tana son firji, digiri 2 zuwa 8, wuta ta ɗauke mana yini guda, muka sa ta a kula da ƙanƙara. Ta lalace ne, ko garaje nake yi? Likitan sai Litinin. Ma'aikatan lafiya, don Allah ku taimaka.