Sunayen kilif sun cakuɗe min, ya zan yi?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa editoci, don Allah a taimaka min. An kawo min aikin wani fim mai dogon zango, shutin kwana 9 da kyamarar Sony guda biyu, ashe duk sanda mai kyamara ya yi fomatin kati lambar kilif komawa take C0001, sai ga ni da C0001 har shida. Na bi na canza musu suna bayan na riga na zuba su a manhajar editin ta Premiere, yau da safe ina buɗewa sai jan allon nan na Media Offline (wato ba ta ga fayilolin ba) ko'ina, da na sake haɗa su kuma sin ɗin asibiti ya fito a gurbin sin ɗin biki. Furodusa ranar Alhamis yake jira, wallahi kaina ya ɗau zafi.

Baban Ummi:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Kuskuren shi ne taɓa sunan fayil bayan ka shigar da shi, manhajar da suna da inda fayil yake zaune take gane shi. Mayar musu da sunansu na asali, kowanne ya koma foldarsa, sannan ka haɗa kati-kati, kar ka bari ta nemo da kanta. Nan gaba folda ce za ta riƙe bayani: rana, kyamara A ko B, kati na nawa. Sunan sin da tek a cikin bin (foldar cikin Premiere) ake rubutawa, wannan ba ya taɓa fayil ɗin. Kuma ka duba furoksi ɗinka (ƙananan kwafin bidiyo da ake editin da su), in sunansu ya saɓa da na asali wata matsalar ce ranar gyaran kala.

Maman Hanifa:
Laifin daga lokeshon ya faro. Manyan kyamarori irin RED suna ba da suna kamar A001_C003, wato kyamara A, kati na 1, kilif na 3, ba ya maimaituwa. Sony ɗin ma akwai inda ake sa lamba ta ci gaba maimakon ta koma farko, minti ɗaya ne. Ni kontinuiti nake yi, wato kula da daidaiton sin da sin, in ba a buga allo gaban kyamara an faɗi sin da tek da baki ba, ba na yarda a ce akshin, don edita ne zai kwana yana laluben sauti da leɓen jarumi.

Ɗan Fagge:
Na gode Yaya, na gode Anti. Kati huɗu sun dawo daidai, saura biyu na ranar bikin, su sai na buɗe ɗaya bayan ɗaya tunda ba a buga allo ba.