Likitan da ya yi karatu a waje ya koma Ingila: abin da masana suka ce

Waɗanda suka san hanyar sun haɗu a kan abu ɗaya: kwalin digiri kaɗai ba ya ba likita damar taɓa majiyyaci a Ingila, sai ya yi rajista da GMC, hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya.

Da Turanci ake farawa. A jarabawar Turanci ta IELTS ana son jimillar maki 7.5, kada wani sashe ya gaza 7. Sashen rubutu ne ke kada mutane, shi ya sa da dama ke komawa OET, jarabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, inda ake neman matakin B. Sakamakon shekara 2 kawai yake aiki.

Daga nan sai PLAB, jarabawar da GMC ke gwada ilimi da ƙwarewar likita da ita. Kashin farko tambayoyi 180 ne cikin awa 3. Na biyu a Mancesta ake yinsa, tashoshin gwajin aiki 16, kowace minti 8. A nan ba ƙarancin ilimi ke kada ƙwararru ba, yadda suke magana da majiyyaci ne: likita ya saba yanke hukunci shi kaɗai, alhali masu jarabawar so suke a saurari mara lafiya, a yi masa bayani, a nemi yardarsa. Takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumar likitocin ƙasar da aka baro, kamar MDCN ta Najeriya, wata 3 take yi ta mutu, don haka kada a yi gaggawar karɓo ta.

Rajista ba aiki ba ce, gasa ta yi tsanani. Shawarar masana ita ce a nemi zaman koyon aiki a wani asibiti, ko da ba albashi, don daɗewa ba a duba majiyyaci ba yana rage wa takardu daraja. Wanda ya gaji da jira kuma yana iya shiga binciken magunguna, sa ido kan illolinsu, ko digiri na biyu a lafiyar al'umma.